Darasin Kimiyyar Kwamfuta: Idan Manhaja Ta Ƙi Girkuwa a Kan Sabar

Ɗalibai, a natsu. Darasin yau a kan abin da za ku yi ne idan kuna girka manhaja a sabar mai tafiya da Linux, sai allo ya cika da rubutu, aiki ya tsaya cak.

Manhajoji da yawa da yaren C aka rubuta su, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs ta Amurka a 1972. Ita kuwa kwamfuta sifili da ɗaya kaɗai take ji, don haka sai da tafinta, wato kwamfaila. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne GCC, da Richard Stallman ya fitar a 1987. Matakan girka irin wannan manhaja uku ne: configure ya duba ko kayan aiki sun cika, make ya sa a fassara fayiloli a haɗa su, make install ya kai kowanne mazauninsa.

Ga abin da nake so ya zauna muku: kuskuren farko ake karantawa. Layin ƙarshe da ke cewa "Error 2" sanarwa ce kawai cewa aiki ya rushe. Ku haura sama har ku tarar da wurin da kalmar "error" ta fara fitowa. Fayil ɗaya da ya ɓace yana iya haifar da ƙorafi cike da allo, kuma da an samo shi duk sai su ɓace tare. Yana damuna in ga ɗalibi ya goge komai ya sake daga tushe alhali bai karanta ko layi ɗaya ba.

Idan aka ce "gcc: command not found", kwamfailan ne babu, a Ubuntu ko Debian a girka build-essential. Idan aka ce "zlib.h: No such file or directory", a nan mutane ke ruɗewa, domin zlib ɗin na iya kasancewa a na'urar. Abin da ya rage shi ne fayilolin da ke gaya wa kwamfaila yadda ake kiran ayyukan zlib, kuma suna cikin ƙunshi dabam, zlib1g-dev. Ku riƙe wannan "dev" ɗin da kyau. Idan configure ne ya tsaya, dalilin na rubuce a config.log.

Akwai matsaloli biyu da mu a nan Batsari da Safana za mu fi cin karo da su. Idan sabis ya yanke ana cikin sauko da fayil, rabinsa ake samu, sai tar ya ƙi kwance shi. A ci gaba da wget -c, sannan a gwada sha256sum da lambar da masu manhajar suka bayar. Ta biyu, ɗauke wuta. Idan wuta ta dawo, tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu takan tashi da kwanan watan shekarun baya, shi kuwa make da lokacin fayiloli yake gane wanda zai sake fassarawa. Sai ya yi gargaɗin "Clock skew detected". A gyara agogo, a yi make clean, a sake.

In kuka ga "Killed", galibi ƙwaƙwalwar sabar ce ta cika. A ƙara swap, wato wuri a faifai da ke rage wa ƙwaƙwalwa nauyi.

Aikin gida: kowa ya rubuta ɗan shirin C, ya cire alamar waƙafi mai ɗigo guda ɗaya da gangan, ya kwafo kuskuren farko da lambar layinsa a littafi, ya zo da shi ranar Litinin.