Darasin Wannan Wata: Mai Sha da Mai Sayarwa, Hukuncinsu Ɗaya Ne?

Karatu: Luka 15:11-24, Galatiyawa 6:1-2

Gabatarwa

'Yan'uwa, a wata ziyarar gida-gida da muka yi a Furfuri, wata uwa ta ja ni gefe. Ɗanta ya shekara biyu yana shan tiramol, amma ba ta faɗa wa kowa ba. Na tambaye ta dalili, sai ta ce: "Ɗana, in na buɗe baki ai kurkuku za a kai shi." Tsoron hukunci ya hana ta neman magani. Wannan ne tushen darasinmu.

Abin da doka ta ce

An kafa hukumar NDLEA a 1989. Dokarta ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar iblis ko makamanciyarta, ko da don shan kansa ne. Alƙalai sukan yanke ƙasa da haka, amma abin da ke rubuce ke nan. Tsanani kuwa ba sabon abu ba ne. A 1985 gwamnatin soja ta harbe mutum uku a Legas kan laifin ƙwaya. Duk da haka, binciken da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun sha ƙwaya cikin shekara guda, kimanin miliyan 3 a Arewa maso Yamma. Wane gidan yari ne zai ɗauke su?

Abin da wasu suka gwada

A 2001 ƙasar Fotugal ta daina ɗaure wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana 10 ba. Ana kai shi gaban wani kwamiti da zai iya tura shi jinya. A 2014 kwamitin da Kofi Annan ya kafa, ƙarƙashin Olusegun Obasanjo, ya shawarci ƙasashen Afirka ta Yamma su ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiya. A 2020 Ghana ta mai da hukuncin mai riƙe ƙwaya don shan kansa tara maimakon ɗauri. A duk waɗannan, dillali bai tsira ba.

Amma a kula. Jihar Oregon ta Amurka ta sassauta dokarta a 2020, sai ta dawo da hukunci a 2024, bayan jama'a sun koka da shaye-shaye a tituna da jinkirin wuraren jinya. Sassauci ba tare da magani ba, sakaci ne.

Abin da ya shafe mu

Uban da ke cikin Luka 15 bai ce ɗansa ya yi daidai ba, amma bai rufe ƙofa ba. Bulus kuma ya umarci masu bi su komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u. Ba mu ke yin doka ba, kuma wajibi ne mu bi ta. Sai dai muna iya roƙon wakilanmu su bambanta mai sha da mai sayarwa. Kafin nan, mu raka iyaye zuwa asibiti a Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, Sakkwato. Mu haɗa kai da limamai da masu unguwanni, gama ƙwaya ba ta tambayar addinin yaro.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. In ɗanka ne aka kama da ƙulli ɗaya, me za ka roƙi alƙali?
2. Wa zai karɓi saurayin da ya fito daga kurkuku ya koya masa sana'a?
3. Me ƙungiyar matasa da zumuntar mata za su fara yi a wannan wata?

Addu'a: Mu tuna da iyayen da ke ɓoye wannan nauyi, da 'ya'yanmu da ke tsare.