Kafin ka sayi fentin ɗakin amarya

Ɗana, na ji an gama shafen ɗakin da za ka ajiye iyalinka, saura fenti. Allah ya sanya alheri. An ce kana ta kai-kawo tsakanin ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske, da wani mai sirkin toka. To, ɗan dakata kafin ka fitar da kuɗinka.

A katin mai shago launukan nan kusan ɗaya suke, amma kowanne da abin da ke kwance a ƙarƙashinsa. Wani ya karkata ga ruwan ɗorawa, wani ga ruwan hoda, wani kuma da ɗan kore-kore a ciki. Ka jera su a kan farar takarda, nan take za ka ga inda kowanne ya dosa.

Sai dai ba a yanke hukunci a shago. Ka sayo ƙananan gwangwanaye, mai fenti ya shafa kowanne a bangon ɗakin, faɗin kamu guda, shafi biyu, da tazara a tsakaninsu. Ka bari ya bushe sarai, don ɗanyen fenti ba ya nuna ainihin launinsa. Ka leƙa da hantsi, ka leƙa bayan la'asar, sannan ka koma bayan isha'i ka kunna ƙwai. Ƙwai mai jan haske yakan sa ruwan madara ya koma kamar an kwaɓa garin ɗorawa, farin ƙwai kuwa tokar yake fitowa da ita, ɗaki ya yi sanyi-sanyi. Da ƙwan da za ku zauna da shi za ka gwada.

Kada ka manta kujeru da labule daga gidan amarya za su zo. Ka tura ƙanwarka ta jiyo launinsu, ba abin kunya ba ne. Sake fenti bayan an yi jere wahala ce babba.

Ni dai in ɗakin na da wadatar tagogi, ruwan ƙasa mai haske na fi so, ya fi ɓoye ƙurar hunturu. In taga ɗaya ce ƙarama, ruwan madara ya fi.

In bokiti mai lita 20 ba zai isa ba, ka sayi duka lokaci guda, a haɗe su a gauraya kafin a fara. Allah ya ba ku zaman lafiya a cikinsa.