Darasin Noma: Takin Yuriya Da Ruwan Zartsi

Da zarar an kai amfanin damina gida, manoma da yawa a Dutsin-Ma da Kurfi sukan koma noman rani. Wasu suna ban ruwa daga madatsar Zobe, wadda aka gama ginawa a kan kogin Karaduwa a 1983. Wasu kuma rijiya suke haƙawa a fadama, su ja ruwa da inji. Ruwan wata rijiyar yana da daɗin sha. Na wata kuwa zartsi ne, da an kurɓa za a ji gishiri.

Ruwan zartsi yana ɓata gona a hankali. In aka yi ban ruwa, rana takan shanye ruwan, amma gishirin yana nan. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har a ga fari-fari a kan kunya kamar an barbaɗa kanwa. Gishirin nan yana hana saiwa shan ruwa. Sai a ga ƙasa a jiƙe, amma shuka ta yi yaushi, ta tsumbure, bakin ganyenta ya ƙone.

A nan ne manomi yakan yi kuskure. Sai ya ce yunwa ce ke damun shukar, ya ruga kasuwa ya sayo yuriya ya ƙara zubawa. Alhali takin zamani ma yana narkewa ya taru a gindin shuka kamar gishiri. In ya yi yawa a ƙasa mai zartsi, ƙuna yake ƙarawa. Kuɗi sun tafi, shuka kuma ba ta tashi ba.

Yunwar taki tana da alamarta dabam. Ganyen ƙasa ne ke fara yin rawaya gaba ɗaya, sannan abin ya hau sama. Kafin a taɓa buhu, a tsuguna a duba ganye, a duba kan kunya.

Abin da shuka ke nema a cikin yuriya shi ne sinadarin naitirojin, mai sa ganye ya yi kore shar. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na wannan sinadari. Buhun kamfa, wato NPK 15-15-15, kilo 7 da rabi ne a cikinsa. Ke nan ta wannan fanni buhun yuriya ɗaya ya kai na kamfa uku. Taki mai ƙarfi haka ba a zuba shi da ka.

Ba kowace shuka ce ke jure zartsi ba. Albasa da karas da tattasai suna saurin jigata. Tumatir da masara sun ɗan fi su. Alkama da dawa da auduga sun fi juriya. Akwai kuma sanfulawa, shukar nan mai babban fure rawaya kamar faifai. Asalinta daga Amurka ta Arewa ne, kuma Rasha da Yukiren sun yi fice wajen nomanta. Ana matse mai daga 'ya'yanta kamar yadda ake yi da gyaɗa da riɗi, ko da yake ba ta yaɗu a ƙasar Katsina kamar su ba. Tana iya jure zartsi matsakaici, saiwarta kuma tana nutsawa ƙasa sosai. Amma ita ma in yuriya ya yi mata yawa, sai ta yi tsawo ta kwanta, mai ya ragu a 'ya'yanta.

Dabarar ita ce a raba takin. A fara da takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai tun wajen gyaran gona, don yana sassauta ƙasa ruwa ya ratsa. Kamfa a sa shi wajen shuka. Yuriya kuwa a jira shuka ta kama ƙasa, kamar mako huɗu, a ba ta kaɗan. In ana son ƙari, a ba ta kafin ta yi fure. A tona ɗan rami nesa da gindi kamar faɗin yatsu huɗu, a zuba, a rufe, sannan a ba da ruwa. Yuriyar da aka bari a fili a kan ƙasa mai kanwa, wani kaso nata iska ce ke kwashewa.

Wajen shuka ma a kula. Gishiri ya fi taruwa a ƙoƙuwar kunya, saboda haka a shuka iri a gefenta. Lokaci-lokaci a cika fangali da ruwa mai kyau don ya tura gishirin ƙasa, a kuma buɗe hanyar da ruwa zai fita. Gonar da ruwa ke kwanciya a cikinta ba ta wankuwa.

Manomin da ke shakkar ruwan rijiyarsa ya ɗebi kwalba ɗaya, da ɗan ƙasar gonar, ya kai wa malamin gona na hukumar KTARDA don a nuna masa inda ake aunawa. Ya yi haka tun kafin ya sayi iri da taki.