Daidaito da Rashin Daidaito a Aljabara

Ɗalibi, a darasin lissafi ka saba da warware daidaito, wato jimlar da take ɗauke da alamar =. Manufar warware shi ita ce gano takamaiman adadi. Idan aka ce 50x + 100 = 600, sai ka ɗebe 100 daga kowane ɓangare, ka raba da 50, ka sami x = 10.

Shi kuwa rashin daidaito iyaka yake nuna maka. Alamominsa su ne > (ya fi), < (bai kai ba), ≥ (ya kai ko ya fi) da ≤ (bai wuce ba).

Ɗauki misalin kwalekwalen da ba ya ɗaukar fiye da kilo 600. Nauyin matuƙi da kayan aikinsa kilo 100 ne, kowane buhun shinkafa kuma kilo 50. Sai ka rubuta 50x + 100 ≤ 600. Idan ka bi matakan farko, za ka sami x ≤ 10. Wato matuƙi yana iya loda buhu 10 ko ƙasa da haka, amma buhu 11 yana iya nutsar da jirgin. Ka ga a nan amsoshin suna da yawa, daga 0 har zuwa 10.

Ka kula: idan ka ninka ko ka raba ɓangarorin biyu da lamba mai alamar ragi, dole ka juya alamar. Misali, 2 < 3, amma −2 > −3.

Tambayoyi

1. Mece ce manufar warware daidaito?
2. Warware 30x + 60 ≤ 300.