Tara Dukiya ta Hanyar Filaye da Gidaje

Fili da gida suna daga cikin tsofaffin ma'ajiyar dukiya, kuma a Nijeriya, inda darajar Naira ta yi ta raguwa har hauhawar farashin kaya ta zarce kashi 30 cikin 100 a shekarar 2024, mutane da yawa sun gwammace su zuba kuɗinsu a ƙasa da su bar su ajiye suna narkewa. Sai dai wannan harka tana da ƙa'idojinta, wanda kuwa ya shige ta ba tare da saninsu ba, yakan rasa uwa da riba a lokaci guda.

Ribar da ake samu iri biyu ce. Ta farko ita ce tashin daraja, wato ƙarin da ake samu a kan farashin fili yayin da gari ya bunƙasa ya iso wurinsa. Unguwanni irin su Rijiyar Zaki da Danbare a Kano a da gonaki ne, amma kafa sabon matsugunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo, tare da ƙaruwar jama'a, ya mayar da su wuraren da ake rububin samun fuloti. Abin da ke ɗaga farashin fili shi ne hanya, ruwa, wutar lantarki, kasuwa da makaranta, saboda haka mai hangen nesa yakan bincika inda waɗannan suka nufa kafin su isa. Riba ta biyu ita ce kuɗin haya, wanda ke shigowa duk shekara daga gida ko shago ko rumbun ajiyar kaya.

Abin da ya wajaba mai saye ya fara fahimta shi ne matsayin ƙasa a doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta damƙa dukkan ƙasar da ke cikin kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a. Ma'anar wannan ita ce, abin da mutum yake saye a haƙiƙa shi ne haƙƙin zama da amfani da wurin, wanda ake tabbatar masa da takardar shaidar mallaka da jama'a ke kira C of O, kuma yawanci wa'adinta ga gidan zama shekara 99 ne, tare da biyan harajin ƙasa na shekara-shekara. Dokar ta kuma tanadi cewa sayar da irin wannan haƙƙi ko jinginar da shi ba ya inganta sai da amincewar gwamna, sannan gwamnati tana da ikon karɓe wuri saboda bukatar jama'a, inda diyyar da za ta biya ta ta'allaƙa ne a kan gini ko shukar da ke wurin.

Daga nan ne bambancin awon gwamnati da awon igiya ke fitowa. Awon igiya shi ne yankan da mai gona ko dillali ke yi da kansa, ba tare da tsarin hukuma ba, kuma shaidarsa takan tsaya ne a kan takardar ciniki mai ɗauke da sa hannun shaidu da mai unguwa. Irin wannan fuloti ya fi sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado, domin sau da yawa ba a barin isasshiyar hanya ko magudanar ruwa, wani lokaci kuma a sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu ko uku, ko ɗaya daga cikin magada ya sayar da gonar gado ba da yawun sauran ba, a shafe shekaru ana shari'a. Saboda haka kafin a biya ko kwabo, ya kamata a binciki takardar a hukumar da ke ajiye bayanan filaye, irin su KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja, a kai safiyo ya tabbatar da iyakoki da duwatsun alama, a tambayi maƙwabta tarihin wurin, sannan lauya ya rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. La'adar dillali ita ma a daidaita a kanta tun kafin ciniki ya faɗa.

Gidan haya kuwa lissafi yake bukata. Misali, idan gida ya ci Naira miliyan 20, hayarsa kuma miliyan 1 ce a shekara, to abin da yake kawowa kashi 5 ne cikin 100, kuma daga ciki za a fitar da kuɗin fenti, gyaran rufi, yasar masai, haraji, da asarar watannin da ɗakuna suka zauna babu kowa. Ba a kuma iya mayar da gida kuɗi cikin gaggawa sai an karya farashi, don haka bai dace mutum ya zuba jarin kasuwancinsa duka ko kuɗin cefanen iyalinsa a gini ba.

Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai hanyoyi. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 a ƙarƙashin Bankin Ba da Rancen Gidaje na Tarayya, yana karɓar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, ya ba shi damar neman rancen gida mai dogon wa'adi. Mai gudun kuɗin ruwa kuma yana iya tuntuɓar bankunan Musulunci, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, waɗanda ke amfani da ijara, wato haya mai ƙarewa da mallaka, da murabaha, wato sayarwa da ribar da aka bayyana tun farko.

Ya kamata duk mai niyyar shiga wannan harka ya fara da abin da ƙarfinsa zai ɗauka, ya fifita ingancin takarda a kan sauƙin farashi, ya kuma yi wa abin da ya saya rajista da sunansa tun yana raye, domin kada dukiyar da ya tara ta zama sanadin rigima tsakanin magadansa.