Yadda Ake Gyaran Fangali Kafin Dashen Rani a Ƙaraye da Rogo

Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba aka kwashe masara, hankalin masu lambu a ƙasar Ƙaraye da Rogo sai ya koma bakin ruwa. Wasu suna gefen madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, wasu wajen Kusalla, wasu kuma a fadamun Rogo inda rake ya riga ya kama wuri. Kowa gaggawa yake ya dasa albasa ko tumatir tun hunturu bai yi nisa ba. A cikin wannan gaggawar ake yin asarar da ba a ganinta sai watan Janairu, lokacin da ciyawa ta shaƙe albasa, ga ruwa ya kwanta a gefe ɗaya na fangali, ɗaya gefen a bushe.

Fara da shara. Sare karan da ya rage, ka tattara shi gefe, don zai yi maka amfani wajen shinge da rufe komin iri. Ban ga dalilin cinna wa fili wuta gaba ɗaya ba. Abin da ya cancanci ƙonawa shi ne ragowar tumatir da tattasai na bara, domin a cikinsu cuta da ƙwari ke ɓuya. Wanda ya ga ɓarnar da tsutsar sharon ta yi wa tumatir a Kano da Kaduna a 2016 ba sai an roƙe shi ya ƙone tsohon ganye ba. In da hali ma, inda tumatir ya zauna bara, bana a ba albasa ko karas wurin.

Kafin ka ɗaga fartanya, tsuguna ka duba irin ciyawar da ke filin, don ita za ta gaya maka irin kaftun da za ka yi. Harkiya da ƙarangiya da ire-irensu ba su da wuyar sha'ani, daga iri suke fitowa, an sare an gama. Masu taurin kai su ne aya-aya da kiri-kiri da tofa. Aya-aya 'ya'ya take ajiyewa a ƙarƙashin ƙasa, a jere kamar carbi, ka tsinke ganyen yau, kafin mako ya zagayo ta sake leƙowa. Kiri-kiri kuwa kowace gaɓa tata tsiro ce. Shi ya sa wanda ya kira tarakta ta daddatse filin da ke cike da su, ya kuma sako ruwa washegari, bai rage su ba, raba su ya yi ko'ina a gonar. Maganinsu rana ce. A kafce ƙasa tana busasshiya, a juyo saiwa da 'ya'yan sama, a bar su mako biyu rana tana dukansu. Daga nan a bi da manjagara, a tsince da hannu, a zuba a buhu a fitar daga lambun. Kada a jibge su kan kunya ko bakin rariya, don ruwan farko zai tashe su. Aiki ne mai cin rai, yara kuma suna gudunsa, amma wuni biyu na tsinta a Nuwamba ya fi sauƙi a kan tsugunon wata uku a tsakiyar albasa.

Zurfin kaftu taƙi guda ya wadatar ga yawancin kayan lambu, karas ne kawai ke son a ƙara masa. In ƙasarka laka ce irin ta fadama, lura da damshinta. Damƙi ƙasar a hannu: in ta dunƙule tana maƙale wa yatsu, ba ta yi ba, jira. In ta dunƙule amma da ka taɓa ta sai ta wargaje, lokaci ya yi. Laka da aka kafce da jiƙonta takan bushe ta zama hoge, ka wuni kana dukansa da ƙotar fartanya. Jigawa ba ta da wannan fitina, matsalarta rashin riƙe ruwa, don haka ita ce ta fi bukatar taki.

Takin gida kuwa sai wanda ya ruɓe. Ɗanyen kashin shanu cike yake da irin ciyawar da dabbar ta ci, ɗanyen kashin kaji kuma ƙone dashe yake. Ruɓaɓɓen taki baƙi ne, yana marmashewa, ba ya zafi in ka cusa hannu cikin tsibin. Wanda aka kwaso daga juji a tsince masa leda da kwalba da tsohon batir tukuna. A watsa shi bayan kaftu, a cakuɗa da ƙasar sama, ba a bar shi a fili iska da rana su cinye ba.

Yanzu sai yankan fangali. Fara da fitar da babbar rariya daga inda bakin tiyo zai zuba, ta bi ta tudun filin, fangaloli su jeru hagu da dama. Girman fangali ya danganta da ƙasa. A shimfiɗaɗɗiyar laka, taku huɗu a kowane gefe ba laifi. A jigawa ko gangare, rage shi zuwa taku biyu ko uku, don ruwa ya kai ƙarshe kafin ƙasa ta shanye shi. Kunyar da ta kewaye shi ta kai taƙi guda, a daddanna ta da bayan fartanya ko a tattake, in ba haka ba ranar ban ruwa za ta ɓalle.

Daidaita cikin fangali shi ne inda ake gane gwani. Ido yana ruɗi, ruwa ne ma'auni. Sako ruwa kaɗan ka tsaya ka kalla. Inda ya taru, kwari ne. Inda ƙasa ta yi tsibiri, tudu ne. Bari ya tsane, ka jawo ƙasar tudun zuwa kwarin da manjagara. Albasar da ke kwari ruɓewa take, ta tudu kuma ta tsumbure, kai kuma kana ta ƙona mai don ruwa ya hau tudun. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk mai injin ban ruwa ya san abin da ƙarin rabin awa a kowane ban ruwa ke ci a aljihu.

Wannan ruwan gwaji yana da wani amfani da mutane da yawa ke tsallakewa. Kada ka dasa nan take. Bar fangalin kwana bakwai zuwa goma, irin ciyawar da ke saman ƙasa zai tsiro ya yi kore shar. Sai ka bi da ƙaramar fartanya ka kankare sama-sama da hantsi, rana ta ƙarasa su. Sama-sama na ce, domin in ka zurfafa za ka tono sabon iri daga ƙasa ka koma gidan jiya. Don kada jiran ya ci maka lokaci, daidaita shi da renon irinka: tumatir yakan isa dashe a mako uku zuwa huɗu, albasa mako shida zuwa bakwai. Ka yi lissafi ta yadda ranar da iri ya isa, fangali ya riga ya sha wannan kankara.

Dashe da yamma ake yi, ƙasa da damshi. Albasa a bar kamar faɗin yatsu huɗu zuwa biyar tsakaninta, tumatir kuwa kamu guda ko fiye. A dasa a layi ko da ido ne aka ja shi, saboda ranar cirar ciyawa hannu ya sami hanya.

Noman farko ya zo mako biyu zuwa uku bayan dashe, kwana ɗaya ko biyu bayan ban ruwa, lokacin da ciyawa ke fita da saiwarta ba tare da laka ta bi ƙafa ba. Tumatir da tattasai suna jure fartanya, har ana tura musu ƙasa a gindi. Albasa ba haka take ba. Saiwarta a sama take, ganyenta siriri ne, ba ya yi wa ciyawa inuwa, don haka da hannu ake bin ta, sau uku ko fiye kafin ta yi kai. Takin zamani a bari sai an gama cira, in ba haka ba ciyawa ce za ta fara ci. Kunya da bakin rariya su ma a nome su kafin ciyawarsu ta yi fure, don irin da ya zuba a rariya ruwa ne zai raba shi ga kowane fangali.

Mai ɗan fili a bayan gida, ko uwargida mai shuka alayyafo da yakuwa kusa da rijiya, duk tsarin ɗaya ne, sai dai a ƙanƙance: faɗin komi kada ya wuce inda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe, don kada a riƙa taka ciki. In kuma damina ce, a juya aikin. Maimakon fangali mai kwari, a ɗaga ƙasar ta yi tudu, a bar hanyar da ruwan sama zai fice ta gangaren filin.