Darasi: Ingilishin hanya da na kasuwa

Idan an gama aikin gona, mutanen ƙasar Maraɗi da yawa suna bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Na Damagaram suna shiga ta Daura. Na Ƙonni suna shiga ta Illela. Can Hausa ake ji, amma harshen gwamnati Ingilishi ne, ba Faransanci ba. Ma'aikaci yana iya fito daga kudu, bai jin Hausa.

Ingilishi yana da karin magana kamar Hausa. Bahaushe yana cewa "ya ci kasuwa", amma babu wanda ya tauna rumfa. Haka in an ce Give me a hand, ana faɗinsa "gib mi e han". Kalmomin suna cewa "ba ni hannu", amma taimako ake nema, ba gaisuwa ba. Hold on, watau "hol on", ba "riƙe" ba ne. Dakata ne.

Wasu maganganun na Nijeriya ne. How far, watau "haw fa", ba tambayar nisan tafiya ba ce. Gaisuwa ce, kamar "ina labari?" Well done, watau "wel don", sannu da aiki ne. A kasuwa How much, watau "haw moc", shi ne "nawa?" Last price, watau "las firais", shi ne kuɗin gaskiya. Sau da yawa akwai sauran ragi bayansa.

Wurin duwan, wanda can ake ce ma kwastan, shi ne wurin hankali. Ma'aikaci yana tambaya: Anything to declare? Nufinsa, akwai kayan da za a biya ma kuɗi? Baƙo ya kan ce "yes" don ladabi, ko don tsoro, alhali bai gane ba. "Yes" na nufin i. Da wannan kalma guda mutum yana iya amsa abin da bai ɗauko ba. Gara ya ce I don't understand, watau "ai don andastan", ban gane ba. Sai a nemo mai jin Hausa.

A kwalin magani kuma akwai haruffa uku: EXP. Lambar da ke gabansu ita ce wata da shekarar da maganin ke lalacewa. In an ga 03/2024, ya ƙare tun watan Maris na 2024.

Aikin mako: kowane ɗalibi ya kawo kwalin magani guda daga gida. Ya nemo EXP, ya karanta lambar da ƙarfi.